Awa Ɗaya Zuwa Sakkwato

Tun muna Legas maigidana ya auna mini nisan gidanmu da yatsunsa. Muna da wata kalanda mai taswirar ƙasar nan a bangon ɗaki. Ranar da aka gaya musu a ofis cewa su ma suna cikin waɗanda za su koma sabon babban birni, sai ya sauke ta ya shimfiɗa a kan tabarma. Kalandar tsohuwa ce, babu Abuja a jikinta, shi ya ɗiga da biro a tsakiya. Ya ɗora babban yatsa a kan Legas ya miƙa na tsakiya zuwa Sakkwato, da ƙyar ya kai. Sannan ya matso da babban yatsan kan ɗigon biron.

"Kin ga yadda ya ragu? Kuma akwai jirgi. Awa ɗaya kina gaban Inna."

Na yi labarin ƙasa a sakandare, na san layin da yatsa yake ja a kan takarda ba shi mota take bi ba. Amma na yi murna. Legas ta ishe ni da cunkosonta da ɗakinmu guda da muke kwana a ciki mu huɗu, ni da shi da 'yan matanmu biyu. Na ɗaure tukwanena cikin buhu ina waƙa.

Aka ba mu gida a Kubwa, cikin kwatas ɗin da aka gina wa ma'aikata. Gidajen duk iri ɗaya, fenti ɗaya, har sai da na ɗaura tsumma a tagarmu don yara su daina shiga gidan mutane. Jar ƙasa ko'ina. Ruwa sai tanka ta zo. Da asuba bas-bas suke kwashe mazan su kai su cikin gari, unguwa ta zama ta mata da yara da awaki har yamma. Ban ƙi wurin ba. Duwatsun da suke bayanmu suna da kyau in damina ta sauka, kuma a karon farko na samu tsakar gida tawa da zan shanya wanki ba tare da na roƙi kowa ya matsa ba.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne matsowa kusa da gida zai hana ni zuwa gida. Muna Legas duk shekara ina zuwa. A saka ni a mota da yarana da ƙullin garin rogo na tsaraba, in kwana a hanya, in isa a gajiye, babu wanda ya taɓa cewa komai. Amma a shekarar da muka taso, ƙanin maigidana ya rasu a hatsarin mota tsakanin Funtuwa da Gusau. Maigida ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya biya masa makaranta. Da ya dawo daga jana'iza bai yi kuka a gabana ba, sai dai ya ce, yana kallon bango, babu wani nasa da zai sake hawa wannan titin in dai da jirgi a duniya. Na ce to. A lokacin ni ma haka na ji.

Sai na haifi namiji. Aka sa masa sunan mahaifina, wanda ya rasu ina budurwa, don haka babu mai kiran sunan a gidanmu, sai dai a ce mai sunan Baba. Inna ba ta zo suna ba. Yayana, wanda yake koyarwa a wata firamare a Sakkwato kuma take zaune a gidansa, ya aiko da saƙo cewa idonta ne. Likita ya ce ciwon ba na warkewa ba ne. Ganinta yana tsukewa daga gefe-gefe, kamar ana rufe taga a hankali, kuma wata rana zai rufe gaba ɗaya. Babu wanda ya san ranar. Abin da nake so bai fi wannan ba: in kai mata yaron ta gan shi da idonta kafin tagar ta rufe.

Da na yi arba'in maigida ya saya mini tikiti. Ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai matsayinsa, ban manta masa da wannan ba. Ya buga waya daga ofis zuwa ofishin wani maƙwabcin Yaya, ya ce a gaya musu matarsa tana tafe ranar Juma'a, a jirgi. Na ji yadda ya faɗi kalmar jirgin da ya dawo yana ba ni labari. Akwai tsoro a cikin maganar, akwai kuma ɗan alfahari, duka biyun na gani.

Filin jirgin Abuja na wancan lokacin ba wanda kuka sani yanzu ba ne. Ɗan gini ne a tsakiyar daji, da kujerun ƙarfe da fankar da take juyawa ba ta ba da iska. Daga Kubwa sai an ratsa ta cikin gari, a wuce Kuchigoro inda matan Gbagyi suke tafe a gefen titi da itace a kafaɗa, a yi ta tafiya kudu. Tun ranar farko na lura da wannan: ni da zan yi arewa, sai an fara kai ni kudu. Abokin aikin maigida, wani mutumin Akwanga mai fara'a da yake da tsohuwar mota, shi yake kai mu. Yakan ce ai ba komai, shi ma yana son ganin jirgi.

Jirgin Sakkwato ƙarami ne, kuma ranar Juma'a kaɗai yake tashi. A nan matsalar take. A waɗannan shekarun an kwaso ofisoshi amma ba a kwaso zukatan masu ofisoshin ba. Manya sun bar iyalansu a Legas. Duk Juma'a sai ka ga filin ya cika da su, manyan riguna da kwat da jakunkunan hannu, kowa da mai riƙe masa jaka, kowa yana sauri ya bar garin da aka ce shi ne gidansa. In suka yi yawa, kamfanin sai ya ɗauki ɗan jirgin namu ya juya shi Legas. Mu 'yan Sakkwato, da ba mu cika benci biyu ba, sai a bar mu zaune. Can da rana ta take sai wata budurwa mai jan baki ta fito bayan kanta ta ce, "Madam, yau babu. Ka dawo wani Juma'a."

Na koma. Na sake komawa. Wata Juma'ar jirgin ya zo har muka tashi tsaye muka yi layi, na gyara goyona, sai ga wasu mutane an shigo da su ta wata ƙofa, kujeru suka ƙare kafin a zo kaina. Ina kallo ta gilashi ya ɗaga. Wata Juma'ar kuma aka ce an kai shi gyara. Ba kowane mako muke iya zuwa ba, sai maigida ya samu izinin fita daga ogansa, sai motar abokin tana da lafiya. A haka yaron da na fara kaiwa filin jirgi yana jariri ya fara zama, ya fara jan ciki.

Maƙwabciyata 'yar Jos ce, Kirista, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a ƙofar gida, ita nake bar wa 'yan matan. Duk ranar da ta ga mun dawo da jaka sai ta riƙe ƙugu.

"Maman Bebi! Har ka dawo daga Sakkwato? Kai, jirgi akwai sauri! Ina tsarabana?"

Nakan yi dariya don kada in yi kuka. Ita kuwa takan biyo ni ɗaki ta karɓi yaron, ta rage murya ta ce, "Motan Sakkwato yana nan a Zuba, kusa da hancinka. Ni in mamana ne, da ƙafa ma zan tafi." Nakan ce mata mu ba haka muke ba, mace ba ta fita sai da yardar mijinta. Ta ce to ki nemi yardar mana. Na ce ina nema. Kuma ina nema ɗin, sai dai a hankali, bayan ya ci abinci, da murya mai laushi, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ki yi haƙuri. Don me za ki wuni a mota da jinjiri a kan abin da awa ɗaya ce?"

Wata Laraba wani mai albasa ɗan unguwarmu ta Sakkwato, da yake kawo kaya kasuwar Zuba, ya yi sallama a ƙofarmu. Ya kawo mini ƙullin kuka da daddawa daga Inna. Na shimfiɗa masa tabarma a waje, na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa. Ya ce duk suna lahiya, Inna ta ce kada in tada hankalina. Ya sha ruwa, ya juya kofin a hannunsa. Sannan ya ce shi dai ba a aiko shi da wannan ba, amma zai faɗa don Allah.

Ashe duk Juma'ar da aka buga waya aka ce ina tafe, Inna sai ta yi wanka ta ɗaura zaninta na fita, ta ce sai an tafi da ita filin jirgi. Yaya ya hana, ta ƙi. Sai ya ɗauko ta su je su zauna ƙarƙashin dalbejiya a bakin filin, tana ɗaga kai sama cikin rana tana tambayarsa ko ya ga wani abu. Ranar da jirgin ya tafi ya bar ni, ya sauka a can. Wata mata ta fito da goyo. Inna ta miƙe ta tare ta, ta kama mayafinta tana kiranta ɗiyata, tana laluben goyon. Matar ta tsorata. Yaya ne ya zo ya ba da haƙuri ya janye ta.

"Tsakaninta da matar bai fi tsakanina da ke ba," in ji mai albasa. "Kuma ko kama ba ku yi."

Na yi masa godiya, na zuba masa abinci a kwano ya tafi da shi. Da na shiga ɗaki na yi alwala na yi raka'a biyu. Ban roƙi Allah jirgi ba wannan karon. Na roƙe shi ya ba ni bakin magana, ya kuma tsare ni daga saɓa masa a cikin abin da zan yi.

Juma'a muka sake tafiya. Wannan karon ba a wahalar da mu ba, da hantsi budurwar ta fito ta ce jirgi ya tafi Legas. Maigida ya yi tsaki, ya ɗauki jakata. Abokinsa ya ce mu koma ta Giri mu ɓullo Zuba, matarsa ta aike shi doya. Muka kama hanya. Yaron yana barci a cinyata, su biyun a gaba suna zancen wanda aka ƙara wa girma a ofis da wanda aka tsallake.

A Zuba abokin ya tsayar da mota a bakin tasha ya shiga kasuwa. Na ce a buɗe mini but in ɗauki jakata in sake wa yaro wando, kuma gaskiya ne, ya jiƙe. Na sami wani benci a rumfar masu jiran mota, kusa da wata dattijuwa mai goro a baki da ƙunshin kaya a gabanta. Na sake masa wando, na goya shi, na ɗaure majanyi tam. Sai na zauna. A gabana ga fijo doguwa ana loda mata kaya, ɗan kamasho yana ihu, "Gusau, Sakkwato! Gusau, Sakkwato!"

Abokin ya dawo da doyarsa. Maigida ya leƙo ta taga ya yafito ni. Ban motsa ba. Ya fito ya tako har rumfar.

"Taso mu tafi mana, rana tana yi."

"Ba zan shiga ba."

Ya dube ni kamar wata ce ta yi magana a bayana. Tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa jin wannan daga bakina ba. Ni ma ban taɓa ji ba.

"Me kika ce?"

"Baban yara, ka saurare ni. Waccan motar ta Sakkwato ba zan hau ta ba sai ka ce in hau. Ban taɓa taka ƙofar gidanka ba da izininka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma motar da za ta mayar da ni Kubwa in jira wata Juma'a, ita ma ba zan shiga ba. Nan zan zauna."

"Har yaushe?"

"Har ka faɗa."

Ya waiga ya ga mutane sun fara kallo. Ya sunkuyo ya rage murya. "Kina so ki tara mini jama'a? A tasha? Tashi mu je gida mu yi magana."

"A gida mun yi. Yaron nan yana jariri muka fara, ga shi yana neman haƙori."

"Abin da awa ɗaya ce kacal..."

"Awa ɗayar nan ban ga farkonta ba balle ƙarshenta. Mota wuni guda ce, na sani, amma in ta tashi tana isa. Uwata ta rungumi matar da ba ta sani ba a filin jirgi tana kiranta da sunana. Ka san wannan? Ni shekaranjiya na ji."

Bai sani ba. Na ga maganar ta shige shi, amma namiji ne a tsakiyar tasha, sai ya nemi wata ƙofar.

"To da wa za ki tafi? Mace ita kaɗai a mota wuni guda. Ina muharraminki?"

"Wanda ka tanadar mini a jirgi, shi zai raka ni a mota."

Dattijuwar nan ta fashe da dariya har sai da ta tofar da goronta. "Wallahi ta kama ka, ɗan boko! Ko jirgin da limami yake tashi?" Ya ce, "Baba, don Allah, magana ce tsakanina da iyalina." Ta ce, "To ku yi ta a ɗakinku mana, kun zo kun yi a kan bencina. Ni Gusau za ni, daga Orozo nake wurin ɗana. In ka ba ni ita, a gefena za ta zauna, wanda ya dube ta sai na tsone masa ido."

Abokinsa ya matso yana sosa ƙeya. "Oga, ni dai ba ruwana, amma taya na ya san hanyan filin jirgi ya fi hanyan coci." Babu wanda ya yi dariya, sai ya koma jikin motarsa.

Maigida ya zauna a ƙarshen bencin. Ya cire hularsa ya riƙe. Da ya yi magana ba da ni yake faɗa ba kuma.

"Ni na wanke shi. Ke ba ki ga abin da titin nan ya mayar da shi ba. Ni na gani."

Nan ne kawai na kusa tashi in bi shi gida. Yaron da yake magana a kansa ni na yi masa wanki shekara da shekaru a Legas, Anti yake ce mini, shi yake cinye ƙanzon tukunyata. Na ce, "Na sani. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba na wuce salla ban sa shi a ciki ba. Amma ajali ba a hanyar Funtuwa kaɗai yake zaune ba, yana sama ma, yana kan gadonmu na Kubwa. Shi ya riga ya tafi, babu abin da za mu kai masa sai addu'a. Inna tana nan da ranta. Idonta ne yake tafiya, kuma ba ya jiran Juma'a."

Ya mayar da hularsa ya miƙe, ya nufi fijon. Ya zagaya ta yana dukan tayoyin da ƙafa. A ta baya ya tsaya, ya durƙusa da fararen kayansa na Juma'a ya shafa ta da hannu. Ya ce wannan ta suɗe, sai an sake ta. Ɗan kamasho ya taso masa, ya ce motar ce a kan layi, wanda bai so ya jira ta gobe, su ba a koya musu aiki. Maigida ya ce ko a sake tayar ko ya tsaya a gaban motar. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zo ya duba, ya ce, "Alhaji, ni ma 'ya'ya na baro a gida." Amma ya sa aka fito da safaya aka ɗaura. Fasinjoji suna ta gunaguni, dattijuwata tana ce musu su yi shiru, surukinta ne yake musu gata.

Ya biya kuɗin kujera biyu don in samu wurin kwantar da yaro. Ya sayo burodi da ruwa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ki je."

Ban karɓa ba. Na ce, "Ka yarda ne, ko ka gaji?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Na yarda. Allah ya tsare hanya. Ki gaishe ta, ki ce ta yafe mini zaman rana."

Daga baya maganar ta zaga kwatas, wai matar wane ta yi wa mijinta zaman dirshan a tashar Zuba. Wasu matan suka daina gaishe ni da fara'a, wata har ta aiko mini da nasiha ta bakin 'yarta. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma har yau ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba. Ban ɗaga masa murya ba, ban taka mota ba sai da ya ce. Wadda take ganin akwai hanyar da ta fi wannan, Allah ya sa kada ta taɓa bukatarta.

Ba zan yi wa titin ƙarya ba, ya ba ni wuya. Zafi, ƙura, warin fetur daga jarkar da direba ya ajiye a baya. Muka wuce Kaduna, muka tsaya a wani ƙauye kafin Zariya maza suka bi Juma'a, mu mata muka yi azahar a gindin mangwaro. Dattijuwar ta saya mini fura ta tsaya a kaina sai da na shanye, wai mai shayarwa ba ta tafiya da cikin wofi. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ƙuraje suka feso masa a wuya. Da muka karya kwana a Funtuwa na tuna ban san daidai wurin da abin ya faru ba, ban taɓa tambaya ba. Don haka na yi ta karanta masa Ƙulhuwallahu tun daga nan har muka shiga Gusau, kowace kwana, kowace gada. A Gusau dattijuwar ta sauka, ta damƙa ni a hannun direba da kashedi mai tsawo, ta ɗaga yaron ta tofa masa addu'a. Ban sake ganinta ba. Magariba ta same mu wajen Talatar Mafara. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Bayan isha'i na yi sallama a gidan Yaya, da takalmi a hannu. Matarsa ta saki kwanon da take riƙe da shi. Ashe sun je filin jirgi da safe sun dawo, Inna ta shiga ɗaki ta kwanta ba ta ci komai ba. Na shiga na durƙusa a bakin gadonta. Fitilar ƙwai tana ci, amma idonta ya wuce ta kaina yana neman inda murya take. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce, "Ke ce? Da mi kika taho?" Na ce da mota. Ta ce, "Madalla da mota."

Na kwance goyon zan ɗora mata shi a cinya, sai ta janye hannuwanta ta ɓoye su a bayanta.

"A'a. Kada ki ba ni shi yanzu. In na shafa shi, hannu zai riga ido. Da dare ba ni ganin komi. Ki kai shi ya kwana, a bar ni da shi sai rana ta hito."

Da safe ta ƙi karyawa. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta zauna ta ba rana baya, ta jira har hantsi ya ɗaga haske ya cika gidan. Sannan ta ce a kawo. Na yi masa wanka na shafa masa mai, na zaunar da shi a kan gwiwoyinta. Ta riƙe shi nesa da ita iyakar tsawon hannunta, ta matso da shi, ta sake nesantawa, har ta samu inda yake shiga cikin ɗan abin da ya rage mata. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya. Sai ta riƙa juya kanta a hankali, tana ɗaukarsa kaɗan-kaɗan: goshi, sannan ido ɗaya, sannan ɗayan, sannan hanci. Mu duka muna tsaye muna kallo. Shi kuwa ya kama bakin mayafinta yana tsotsa.

"To," ta ce. "Wanga shi ne mijin nawa da aka yi ta yi mini alkawari? Baƙi ƙirin, ga goshi kamar an kifa ƙwarya. Ko haƙori bai da shi, da mi zai ci tuwona?"

Matar Yaya ta ce, "In ba ki so, Inna, a ba ni."

"Wa ya ce ba ni so?" Ta ƙara matso da shi. Muryarta ta sauka. "Goshin Malam babanki ne. Har inda gashin ya tsaya."

Hawaye suka cika mata ido, ta yi tsaki ta goge su da sauri da gefen mayafi, don suna tare mata gani. Yaya ya ce ta huta haka, ta sha kunu, yaron yana nan ba inda za shi. Ta ce ya rufe mata baki. Ta ce in juya mata shi gefe, ba ta ga kunnuwa ba tukuna.